Yadda za ka fara bincike kan manhaja mai daidaita kanta ba tare da shekara ta tafi a banza ba

Yawancin ɗaliban da ke son yin mastas ko PhD a wannan fanni da magana ɗaya suke farawa, wai za su gina sabon tsari sukutum wanda zai riƙa gyara kansa, ya warkar da kansa, ya kare kansa, komai da komai. To ni dai abin da nake cewa shi ne a ajiye wannan tukuna. An riga an gina irinsu da yawa tun kafin wasunmu su san menene kwamfuta, kuma masu bitar takardu sun gaji da ganin zanen akwatuna da kibiyoyi. Abin da ake nema a wurinka shi ne ka nuna wani abu takamaimai da ke sauyawa lokacin da manhaja take kan aiki, ka nuna hanyar da ake da ita yanzu tana gazawa a wurin, sannan ka kawo taka ka gwada su gefe da gefe. Shikenan fa binciken, sauran duk hidima ce.

Amma bari mu fara daidaita fahimta tukun, don na lura kalmar kanta tana rikita mutane. Tsarin ginin manhaja ba kod ɗin ba ne layi-layi, a'a, manyan ɓangarorin ne da yadda suke magana da juna da kuma dalilin da ya sa aka jera su haka, misali sabar da ke karɓar buƙatu, mai raba lodi a gabanta, rumbun bayanai a baya. Perry da Wolf sun rubuta takardar da ta kafa wannan tunani a 1992, sannan Mary Shaw da David Garlan na jami'ar Carnegie Mellon a Amurka suka ƙara masa ƙarfi a tsakiyar shekarun 1990. Ita kuma manhaja mai daidaita kanta ita ce wadda take kallon halin da take ciki da halin abin da ke kewaye da ita, in ta ga abu ya karkace sai ta canza wani abu a jikinta tana cikin aiki, ba sai an kashe ta ba, ba sai injiniya ya taso cikin dare ba. Inda biyun suka haɗu shi ne tambayar: me zai hana manhajar ta riƙe hoton tsarin gininta a wurinta, ta riƙa amfani da shi wajen yanke shawarar abin da za ta canza? Oreizy da abokan aikinsa sun kawo wannan a 1999, sai kuma wani tsarin manhaja mai suna Rainbow da Garlan da ɗalibansa suka fitar a 2004 ya nuna yadda za a yi a aikace.

Abu ɗaya da dole ka haddace shi ne MAPE-K. Daga IBM ya fito, lokacin da suka taso da maganar kwamfuta mai kula da kanta a 2001, sai Kephart da Chess suka rubuta shahararriyar takardarsu a 2003. Zagaye ne mai matakai huɗu, sa ido, nazari, tsara mataki, aiwatarwa, dukkansu kuma suna ɗiba daga rumbun sani guda ɗaya, shi ne K ɗin. Sannan a raba abu biyu a kai: akwai manhajar da ake kulawa da ita, akwai kuma mai kulawar, kamar mota da direba. In ka cakuɗa su a kod ɗinka, wato dabarar daidaitawar ta watsu cikin "in kaza to kaza" a ko'ina, to wallahi ba za ka iya gwada komai ba daga baya, don ba ka da yadda za ka cire direbanka ka saka na wani ka ga bambanci.

Karatu, amma kar ka nutse

Kar ka buɗe Google Scholar ka rubuta sunan fannin ka fara sauke duk abin da ya fito, za ka tara fayil ɗari uku ba ka karanta goma ba. Fara da 'yan kaɗan da kowa ke ambata: waɗanda na faɗa a sama, da takardar Kramer da Magee ta 2007 mai tsarin hawa uku, da bitar da Salehie da Tahvildari suka yi a 2009, da taswirar bincike da ta fito a 2009 bayan taron Dagstuhl na Jamus na 2008. Daga nan sai ka koma ga na kwanan nan, ka shiga dblp, shafin da ke jera takardun binciken kwamfuta, ka buɗe jerin takardun SEAMS na shekara uku zuwa biyar da suka wuce. SEAMS ɗin nan taron masu bincike ne, shi ne gidan wannan fanni, tun 2006 ake yinsa, kuma tare da ICSE, babban taron injiniyancin manhaja, yake tafiya. Akwai kuma taron ACSOS wanda aka samar a 2020 bayan an haɗe tarukan ICAC da SASO, akwai mujallar TAAS ta ACM, ga tarukan ICSA da ECSA in ɓangaren tsarin gini ya fi jan ka.

Yadda nake karanta takarda: taƙaitawar farko, sai in tsallaka kai tsaye zuwa sashen gwaji. A can gaskiya take. Tambaya huɗu nake rubutawa a tebur, layi ɗaya ga kowace takarda, menene ke sauyawa, me suke iya canzawa, da wa suka kwatanta kansu, kuma a kan wane tsari suka gwada. In ka cike layi talatin ko arba'in za ka fara ganin ramuka da idonka, ba sai wani ya nuna maka ba, za ka ga misali kowa yana ɗauka cewa na'urar auna abu ba ta ƙarya, ko kowa ya ɗauka mataki yana aiki nan take. Ka bi ambato baya da gaba, wato ka duba waɗanda takardar ta ambata da waɗanda suka ambace ta, Wohlin ya rubuta ƙa'idar yin hakan a 2014 in sufabaizanka mai son a bi tsari ne. Ka saka komai a Zotero, manhajar adana takardu da ambato, tun ranar farko, wannan kam ba sai na ja ba.

Yanzu ga inda ya kamata ka daɗe

Rashin tabbas shi ne zuciyar fannin gaba ɗaya. Da an san komai tun lokacin zane, ai ba a buƙatar daidaitawa, sai a rubuta kod ɗin da ya dace a tafi barci. Don haka tambayarka ta farko ita ce: menene ban sani ba sai manhaja ta fara aiki? Zai iya zama yawan masu shigowa, zai iya zama wani sabis na waje da ke mutuwa ba sallama, zai iya zama tsangwama a siginar rediyo, ko kuma burin masu amfani ne da kansa ya canza. Zaɓi ɗaya. Ɗaya tak. Ɗalibi ya ce zai magance duka huɗun, ka san dai ba zai gama ko ɗaya ba.

Bari in yi misali da lodi don shi ne mafi sauƙin gani. A ce saba ɗaya tana iya biyan buƙata 100 a daƙiƙa. A lissafin layi mafi sauƙi, matsakaicin lokacin amsa shi ne ɗaya a raba da bambancin abin da saba ke iyawa da abin da ke shigowa. In buƙata 50 ke shigowa a daƙiƙa, amsa tana ɗaukar milisakan 20. In sun kai 90, ta koma milisakan 100. In sun kai 99, daƙiƙa guda cur. Ka ga abin ba a hankali yake lalacewa ba, yana tafiya lafiya lafiya sai kawai ya haura sama kamar an harba shi, shi ya sa mai kulawar da ke jira sai ya ga matsala kafin ya motsa kullum a makare yake. Ƙara da cewa sabuwar saba ba ta tashi nan take, a ce tana buƙatar minti biyu kafin ta fara karɓar aiki, to a cikin minti biyun nan mutane suna ta jira, kuma wataƙila kafin ta tashi ma cunkoson ya wuce, ka biya kuɗin saba a banza. Wannan matsalar jinkirin mataki ita Gabriel Moreno da abokansa suka kama a 2015, suka ce mai kulawa ya riƙa hangen gaba yana lissafa lokacin da kowane mataki zai ci kafin ya yi tasiri. Ka lura da girman tambayar, ƙarama ce, ana iya faɗinta a jimla ɗaya, amma ta ɗauki aikin digiri.

Taka tambayar ma haka ya kamata ta zama. Ba "yaya za a inganta daidaitawa da koyon na'ura" ba, wannan take ne ba tambaya ba. Gara ka ce: in awon lokacin amsa yana zuwa a makare ko da hayaniya a ciki, wace hanya ce ta fi jurewa, mai dokoki ko mai hasashe, kuma daga wane matakin hayaniya ne mai hasashen ke fara zama asara? Wannan ana iya amsa ta da e ko a'a da lambobi, kuma ko amsar ta zo ba yadda kake so ba, har yanzu sakamako ne.

Kar ka gina filin gwaji da kanka

Nan ne mutane ke ƙona wata shida. Jama'ar SEAMS sun riga sun tara tsare-tsaren gwaji da kowa zai iya sauke su, kuma amfani da su yana sa a iya kwatanta aikinka da na wasu. Znn.com shi ne tsoho, shafin labarai ne na kwaikwayo da aka yi amfani da shi wajen gwada Rainbow. SWIM ya fito a 2018, simuleta ne na shafin intanet mai sabobi da yawa, an gina shi a kan OMNeT++, yana zuwa a Docker, kuma za ka iya haɗa mai kulawarka da shi ta TCP, wato ka rubuta naka da Python ko Java ko duk abin da hannunka ya saba. Abu biyu kake juyawa a ciki, ƙara ko rage saba, da kuma wani maɓalli da ke rage yawan amsoshin da ake haɗawa da kayan ƙari irin su shawarwarin "ga wani abu da za ka so", dabarar da Klein da Maggio da abokansu suka gabatar a 2014. DeltaIoT na jami'ar KU Leuven a Beljiyam ya fito a 2017, shi kuma ƙananan na'urori ne masu batir da ke tura bayanai ta siginar rediyon LoRa daga wannan zuwa wancan har su kai ga mashiga, kana juya ƙarfin watsawa da hanyar da saƙo zai bi, kana neman rage ɓacewar saƙo ba tare da ka cinye batir ba. Akwai TAS na 2015 kan sabis ɗin kula da marasa lafiya daga nesa, akwai DARTSim na jirage marasa matuƙi.

Ni SWIM nake ba mai farawa shawara, don laftof na yau da kullum yana ɗaukarsa kuma cikin ɗan lokaci za ka ga girafi. Satin farko kar ka rubuta komai naka. Kunna shi da mai kulawar da ya zo da shi, ka kalli abin da ke faruwa, ka canza lokacin tashin saba ka sake kunnawa, ka canza lodin ka sake. Lodin ma ba ƙirƙira za ka yi ba, akwai bayanan zirga-zirga na gaske da aka saba amfani da su, kamar na shafin gasar cin kofin duniya ta 1998 da na ClarkNet. Tsofaffi ne, gaskiya, kuma mai bita zai iya yi maka magana a kai, don haka in ka samu na zamani ka ƙara, amma kar ka zana lodi mai santsi da hannunka wanda ka san hanyarka za ta ji daɗinsa.

Abokin karawa

In hanyarka ta doke tsarin da ba ya daidaita komai, ba ka nuna komai ba, kowa zai doke wanda ke tsaye. Kana buƙatar abokan karawa aƙalla uku: wanda ba ya motsi, mai dokoki masu sauƙi amma an gyara shi da kyau, da kuma hanya ɗaya daga takardun kwanan nan. Na tsakiyan nan shi ne mai ban tsoro. Duba yadda Kubernetes, manhajar da ke tafiyar da wasu manhajoji a kan sabobi, ke ƙara kwafin manhaja da kansa: yana ɗaukar adadin da ke akwai ya ninka da awon yanzu a raba da awon da ake so, ya cike zuwa sama. Kwafi 4, furosesa tana kan kashi 90, ana son kashi 60, lissafi ya ba da 6. Yana dubawa duk daƙiƙa 15 in ba a canza ba, ba ya motsi in bambancin bai wuce kashi 10 ba, kuma yana duba minti biyar na baya kafin ya rage. Ka ga babu wani abin mamaki a ciki, amma masana'antu da shi suke aiki, kuma sau da yawa doke shi ba wasa ba ne. In ka ba algoridim ɗinka sati uku kana gyara masa lambobi, ka ba abokin karawar minti goma, wannan ba gwaji ba ne, kuma masu bita suna ganewa.

Jiran minti biyar ɗin can yana da dalili, kuma ni sai da na sha wuya na gane. Mai kulawa na farko da na rubuta yana ƙara saba in lokacin amsa ya haura layi, yana ragewa in ya sauko ƙasan layin guda ɗin. Sai ya ƙara, abu ya yi sauƙi, ya rage, abu ya ɓaci, ya ƙara, haka ya yi ta lilo har gwajin ya ƙare, ni kuma ina kallon matsakaicin lamba ina murna don ta yi kyau. Sai da na zana girafin adadin sabobi a kan lokaci na ga haƙoran zarto. Tun daga ranar ba na yarda da matsakaici shi kaɗai. Ka zana komai a kan lokaci, ka ƙirga sau nawa aka canza, ka duba lokacin amsar da kashi 95 ko 99 na buƙatu ba su wuce shi ba, ka auna tsawon lokacin da aka yi ana karya alƙawarin da aka ɗaukar wa masu amfani. Masu ilimin sarrafa na'ura sun daɗe da sunayen waɗannan abubuwa, kwanciyar tsari, wuce gona, lokacin lafawa, kuma ko ba za ka bi hanyarsu ba ka ari ma'aunansu.

Sai maganar ma'aunin amfani, wato lissafin da ke haɗa sauri da kuɗi da inganci ya ba da lamba ɗaya. A nan ake yin maguɗi ba da niyya ba. Nauyin da ka ba kowane ɓangare shi ke yanke wanda ya ci, in ka ɗan ƙara wa kuɗi nauyi sai mai rowa ya yi nasara, in ka ƙara wa sauri sai mai ɓarna ya yi. Ka tsayar da nauyin kafin ka ga sakamako, ka rubuta dalili, sannan ka nuna abin da ke faruwa in an juya su. Kuma ka kawo ɗanyun lambobin kowane ɓangare daban, kar ka ɓuya a bayan lamba ɗaya.

In akwai sa'a a cikin gwajinka, kuma kusan kullum akwai, musamman in da koyon na'ura, gudu ɗaya ba ya nufin komai. Ka maimaita, mutane da yawa suna yin sau 30, kowane da irin lambar sa'arsa, wato lambar da kwamfuta ke fara jefa ƙuri'a da ita, ka ajiye lambobin. Arcuri da Briand sun yi bayani a 2011 kan gwajin ƙididdiga da ya dace da irin wannan, a taƙaice Mann-Whitney don ganin ko bambancin na gaske ne, da ma'aunin Vargha da Delaney don ganin girmansa. Kar ka manta ka auna mai kulawar shi kansa, lokacin da yake ci kafin ya yanke shawara da memorin da yake sha. Masu amfani da manhajojin PRISM ko UPPAAL don tabbatar da mataki kafin a ɗauke shi sun san wannan ciwon, tabbacin yana da daɗi amma in zaɓuɓɓuka suka yi yawa lissafin zai iya wuce lokacin da kake da shi, shawara mai kyau da ta zo bayan cunkoso ya wuce kuwa ba ta da amfani.

Rubutu

Fara rubutu tun kana gwaji. Sashen matsala ka gina shi a kan misali ɗaya ka riƙe shi har ƙarshe, ka faɗi ƙarara abin da ka ɗauka a matsayin gaskiya, misali cewa sabobi duk iri ɗaya ne ko cewa ba sa mutuwa. Zanen tsarin ginin ya nuna iyaka tsakanin mai kulawa da wanda ake kulawa da shi, ina ake auna abu, ina ake juya abu, kuma kowace kibiya ta kasance tana da ma'ana ɗaya, ba wata na nufin kira wata na nufin bayanai ba tare da an faɗa ba. Sashen abubuwan da ka iya raunana sakamako kar ka cika shi da kwafin na wasu, ka faɗi gaskiya cewa simuleta ne ba tsarin gaske ba, cewa lodi biyu kawai ka gwada, sannan ka nuna inda hanyarka ta sha kashi. Takardar da ta ci a ko'ina ni tsoro take ba ni.

Na ƙarshe, kayan aikin. Kod, fayilolin saiti, lambobin sa'a, ɗanyen sakamako, da ɗan sikirif da zai sake zana kowane girafi da ke cikin takardar. Ka ɗora a GitHub, sannan ka ajiye kwafi a Zenodo don ya ba ka DOI, wato lambar shaida da ba za ta ɓace ba. SEAMS ma tana da ɓangare na musamman don irin waɗannan kayan, wani lokacin filin gwaji mai kyau shi kaɗai takarda ne. Kafin ka tura, ka ba wani abokin karatu wanda bai taɓa ganin aikin ba, ya sauke a kwamfutarsa, ya bi bayanin da ka rubuta kawai, kai kuma ka zauna a gefe ka kama bakinka. Duk inda ya tsaya ka rubuta, yawanci wani laburare ne da ka saka tun bara ka manta, ko hanyar fayil da ke nuni ga foldar da babu ita sai a laftof ɗinka.